Inbata ta sake ƙonewa: laifin yana cikin koyil

Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, jama'a suka ƙara rungumar sola. Sai kuma ƙorafi ya biyo baya: inbata ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, an kai wa mai gyara ya canza mosfet, wato ɗan makunnin da ke sarrafa wutar a cikinta, bayan mako guda ta sake. Daga nan sai a ce ai kayan Sin ne, ko mai gyaran ne ya sa jabu.

Sau da yawa mai laifin yana zaune lafiya lau a kan allon inbatar, ko baƙi bai yi ba. Shi ne koyil, wayar jan ƙarfen nan da aka naɗe a jikin wani baƙin zobe mai suna farayit.

Aikinsa shi ne hana wuta yin tsalle. Idan ta taso, zoben yana ajiye ƙarfinta a matsayin maganaɗisu, ya riƙa sakinta sannu a hankali. Amma cikinsa yana da iyaka. Farayit kan ƙoshi a tsakanin tesla 0.3 zuwa 0.5, alhali ƙarfen tiransifoma yana wuce 1.5. Kamar ƙasar gona ce: ruwan farkon damina duk shanye shi take, amma a Agusta, da ta ƙoshi, abin da ya sauko kwarara zai yi ya ci kunya. Koyil ɗin da ya ƙoshi ya koma kusan waya zalla. Wuta za ta yi sama cikin ɗan ƙanƙanin kaso na daƙiƙa, mosfet ya fashe tun fis bai fara ɗumi ba.

Abin takaicin, kamfanoni kan rubuta iyaka biyu ga kowane koyil. Ɗaya ita ce wutar da za ta ƙara masa zafi, galibi da digiri 40. Ɗayar ita ce wadda ƙarfinsa zai faɗi da kashi 20 ko 30 cikin ɗari saboda ƙoshi. Mai gyara kuwa ta farkon kawai yake dubawa: yakan taɓa da yatsa, ya ji babu zafi, ya wanke shi. Wani ma daga mataccen allo zai ciro koyil mai lamba iri ɗaya ya liƙa, bai damu da amfiya nawa zai ɗauka ba.

Mai gida ma da nasa. Firiza da sumo, wato famfon rijiyar burtsatse, a lokacin tashi, suna jan ninki uku ko fiye na wutar da suke ci a kan aiki. Ga zafi: farayit yana saurin ƙoshi idan ya ɗumama, kuma inbatar tana kulle a lungun shago a watan Afrilu.

Inbatocin da ke shigowa kasuwa babu takardar bayani ko ɗaya, wannan aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne. Kafin ta waiwayo, mai saye ya tambayi ƙarfin da na'urar ke jurewa lokacin tashin inji, ya ajiye ta inda iska ke ratsawa, kuma kada a tayar da firiza da sumo lokaci guda.