Waƙoƙinmu Ba Su Da Ranar Haihuwa

Akwai wata ƙungiyar makaɗa a Amurka mai suna Green Day, wadda samari suka kafa a jihar Kalifoniya cikin 1987. Kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira pop punk, wato gita mai kururuwa da ganga mai gaggawa da baitocin tsiwa irin na ƙuruciya. Ba na tsammanin mai karatu zai ji daɗinsa, ni ma bai taɓa shiga raina ba. Abin da ya sa na kawo su shi ne yadda aka adana tarihin aikinsu. Faifansu na farko, 39/Smooth, ya fito a 1990. Dookie, wanda ya fito da su duniya, a 1994. American Idiot, inda suka caccaki Amurkar zamanin George Bush da yaƙin Iraƙi, a 2004. Na goma sha huɗu, Saviors, a 2024. Kowace waƙa da aka saki ita kaɗai an san ranarta, kowane bidiyo an san wanda ya ba da umarni. Yaro ɗan sakandare zai tattaro wannan duka kafin shayinsa ya huce.

To, mu dawo gida. A shiga kasuwar Rano ko ta Kibiya a tsaya gaban mai tura waƙoƙi, wannan saurayin da ke zaune da kwamfutarsa yana cika wa jama'a katin waya da waƙoƙi ɗaruruwa a kan kuɗi kaɗan. A tambaye shi wace shekara aka yi waƙar da ya tura, wa ya kaɗa fiyanon, wace ce yarinyar da ta yi amshi. Sau da yawa sunan da ke jikin waƙar lamba ce kawai, ko kalmar farko ta amshinta. Ba laifinsa ba ne, haka ta iso masa. A zamanin kaset, lokacin da dillalan Ƙofar Wambai da Bata ke riƙe da kasuwa, aƙalla akwai kwali mai hoto da suna. Katin waya ya zo ya cinye kwalin, ya haɗa da ɗan abin da mawaƙi ke samu.

Matsalar kuwa ta girmi waya. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1999 bayan fiye da shekara hamsin yana waƙa, amma har yau ba wanda zai dafa Alƙur'ani ya faɗi adadin waƙoƙinsa. Sai da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka yi ta yawo gari-gari kafin littafin Shata Ikon Allah ya fito a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana rubuta waƙoƙin baka yana killace su. Wannan ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ne, kuma Shata ke nan, wanda kamfanonin faifai da gidajen rediyo suka yi ta naɗa. Ina ga makaɗin da bai taɓa ƙetare Kwanar Ɗangora ba?

A nan ne abin ya fi damuna game da Rano. Gari ne na Hausa Bakwai, gidan Autan Bawo, mai fada da makaɗanta. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga masarautar zuwa daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, bayan wata biyu aka maido ta a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Duk wanda ya san Bahaushe ya san irin wannan juyi ba ya wucewa ba a yi masa waƙa ba, ta yabo da ta habaici. Waɗannan waƙoƙi su ne shaidar yadda talaka ya ji abin a ransa, shaidar da ba ta cikin takardun majalisa. Idan ba a rubuta ranarsu ba, nan da shekara talatin mai bincike zai ji ana kirarin sarki bai san wane sarki ake nufi ba.

Abin haushin shi ne muna da hukumar da waƙoƙi ke bi ta hannunta. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta iya gano faifan bidiyon Bahaushiya na Adam A. Zango har aka ɗaure shi a 2007. Hukumar da ta iya bin sawun faifai don hukunci za ta iya buga jerin abin da ta tace duk shekara: sunan waƙa, mawaƙi, makaɗi, situdiyo da kwanan wata. Na karkara kuma, waɗanda ba sa zuwa Kano neman izini, aikin majalisar masarauta ne da ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Bayero, waɗanda ko yaushe suke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai. Daga Kano zuwa Rano tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, rikodar kuma tana cikin aljihun kowane ɗalibi.