Tsofaffin motoci: Abin da wasu ke bajekolinsa, mu muna sayar wa ’yan gwangwan

Duk wanda ya saba bin hanyar Daura zuwa Zango, ya wuce Baure har Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, ba zai rasa cin karo da tsohuwar Fijo ba a ranar kasuwa. Wata a-kori-kura ce an laƙa mata buhunan gero har ta durƙusa, wata kuma tana jingine a bayan gareji, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da wuya mai wucewa ya sake waiwayarta. Amma irin wannan mota, idan ta kai ga hannun wanda ya san darajarta, ita ce ake gogewa a kai filin bajekoli a Turai, jama’a su biya kuɗin shiga don kawai su gan ta.

Bajekolin tsofaffin motoci al’ada ce da ta daɗe a ƙasashen da suka fara ƙera mota. A Amurka, akwai wanda ake yi a Pebble Beach da ke Jihar Kalifoniya tun 1950, inda ake jera motocin a filin wasan golf a bakin teku kowane watan Agusta. A Faransa akwai Rétromobile na birnin Paris, wanda aka fara a 1976. Ingila kuwa tana da wani jerin gwano daga Landan zuwa Brighton a farkon Nuwamba, wanda ba a yarda mota ta shiga ba sai an ƙera ta kafin 1905. Ko a nan Afirka, masu sha’awar Alfa Romeo a Kenya suna shirya nasu a Nairobi tun farkon shekarun 1970.

Mai ziyarar irin wannan wuri a karon farko yakan ɗauka cewa ƙyalli ake gasa da shi. Ba haka ba ne. Da farko akwai batun shekaru: ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin ababen hawa, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an kula da ita yadda take, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. Jamus ma shekara 30 take amfani da ita wajen ba da lamba ta musamman, Birtaniya kuwa sai mota ta kai 40 take yafe mata harajin hanya. Bayan shekaru, sai babbar tambaya: motar tana nan kamar yadda ta fito daga masana’anta?

A nan ne alƙalai suke ɓata lokacinsu. Za ka ga dattijo ya tsuguna yana leƙen lambar da aka buga a jikin inji, yana gwada ta da lambar jikin mota da kuma abin da ke rubuce a takarda. Za a duba launin fenti ko irin na shekarar ne, a duba yadin kujera, fitilu, sitiyari, har kan noti. Sannan a ce wa mai motar ya tayar da ita, ya kunna fitila, ya danna ham, domin motar da ba ta tashi ba ta da maki komai kyanta. Daga nan sai tarihi: wa ya fara sayenta, hannu nawa ta bi, ina shaida? Rasit ɗin farko da littafin gyara da tsohon hoto suna iya ɗaga darajar mota fiye da sabon fenti.

Har ma ra’ayi ya fara karkata ga motar da ba a taɓa sabunta ta ba. A 2024, babbar kyautar Pebble Beach ta tafi ga wata Bugatti ƙirar 1934 da aka bar ta da tsufanta da tabonta, kuma wannan ne karo na farko da irinta ta yi nasara a can. Kuɗin da ke yawo a harkar ma ba na wasa ba ne. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Marsandi 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. Irinta mai rufin sama guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa.

To, ina ruwan mutumin Daura ko Kano da wannan? Ruwansa shi ne, ƙasar nan ta taɓa zama ɗaya daga cikin gidajen motar da ake nema yanzu. Kamfanin Peugeot ya fitar da 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ta 1975 ne masana’antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo. Gwamnatin soja ta wancan lokaci, da manufarta ta rage facaka, ta mayar da 504 motar manyan jami’ai, ma’aikaci kuma yakan karɓi rancen mota ya fito da tasa sabuwa fil. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan wasu daga cikin 504 na ƙarshe da aka yi a duniya, a nan Arewa aka haɗa su. Duk wadda ta fito daga Kakuri kafin tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta cika sharaɗin shekaru.

Sai dai a faɗi gaskiya, kada mai tsohuwar Fijo ya fara lissafin miliyoyi. An ƙera 504 sama da miliyan uku, kuma abin da ya yi yawa ba ya tsada. Waɗanda masu tara motoci suke rububi su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen sama, kuma waɗannan ba su yawaita a ƙasar nan ba. Sannan abin da ya sa motocinmu suka daɗe shi ne kuma abin da zai kayar da su a gaban alƙali. Bakanikenmu gwani ne wajen raya matacciyar mota: ya ɗauko injin wata ya dasa, ya ƙara ƙarfen baya don ɗaukar kaya, mai walda ya toshe ruɓa, mai fenti ya shafe. Mota ta ci gaba da ciyar da iyali shekara ashirin, wanda ya fi kowace kyauta amfani, amma asalinta ya tafi. Takardu kuwa, sau da yawa gara ta cinye su tun mai motar yana raye.

Duk da haka muna da abu guda da Turawa suke kishi: busasshiyar ƙasa. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara shi ne ya cinye yawancin tsofaffin motocinsu. Motar da aka ajiye a rumfa a Daura ko Damagaram, rana za ta ƙona fenti, roba ta fashe, amma ƙarfen yakan tsira. Irin motar da wani alhaji ya saya sabuwa, ya riƙa hawa zuwa masallacin Juma’a kawai, ya rasu magada suka rufe ta a zaure, ita ce ta fi cancanta a tsaya a yi tunani a kanta. Kuma ita ce ’yan gwangwan suka fi samu da arha, domin su nauyi suke saye, ba tarihi ba. A yini ɗaya za a sassare ta, inji da giya su nufi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, saura a loda a tirela zuwa wurin narkarwa.

Ba wai ba mu san darajar mota a matsayin shaidar tarihi ba. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Fadar Kano ta adana tsohuwar Rolls-Royce da jama’a suka saba ganin marigayi Sarki Ado Bayero a ciki. Abin da muka bari yana zubewa shi ne na talaka da ma’aikaci: motar hedimasta, Landirofar malamin gona, tasin da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Daura da Kano. A ganina, masarautar da take iya fito da ɗaruruwan dawaki da ado a hawan sallah ba za ta gaza ware fili na yini guda ga tsofaffin motoci ashirin ba.

Kafin a kai ga haka, wanda yake da irin wannan mota a gida yana iya yin abin da bai fi ƙarfinsa ba. Ya nemo takardunta ya adana tare da duk wani tsohon hoto da ta fito a ciki, ya rubuta lambar inji da ta jiki. Ya shigar da ita inuwa, ya ɗora ta a kan bulo don tayoyi su huta, ya cire batir. Kada ya yi saurin kai ta wurin mai fenti, kuma duk abin da bakanike ya cire ya musanya, ko da madubi ne, a karɓo tsohon a ajiye a but.