Hoto Uku A Haɗa Su Ɗaya: Dabarar Ganin Ciki Da Wajen Ɗaki

JALINGO: Duk wanda ya bar gida ya tafi neman abinci Ikko ko Badun ko Fatakwal, kuma Allah ya hore masa ya kafa harsashin gini a garinsu, ya san irin hoton da akan aiko masa. Ya aika da kuɗin siminti, ya aika da na kwano, sa'an nan ya ce wa ƙanensa ya shiga ɗakin ya ɗauko masa ya gani. Hoto ya iso a waya. Ko dai ɗakin ya fito baƙi ƙirin kamar cikin rijiya, sai abin da ke waje kaɗai ake hange ta taga, ko kuwa ɗakin ya fito sarai amma tagar ta zama farin ƙyalle, babu itace babu gidan maƙwabci. Daga nan zargi kan fara. Yaya yana Agege yana cewa ana ɓoye masa wani abu, ƙane yana gida yana ta rantsuwa. Sau da yawa kuwa babu wanda ya ci amanar wani, rana ce ta fi ƙarfin kyamara.

A wuri irin Nukkai wannan magana ba ta ado ba ce. Nukkai tana bakin kogin Lamurde, a kan hanyar da ta fita daga Jalingo zuwa Wukari. Tun da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a 1991, aka mai da Jalingo hedkwata, gari yake ta bunƙasa, masu gini suna ta gangarawa wajen fadama inda da can sai lambu da masu ɗibar yashi. Da rani kogin ba ya tsorata ko yaro. Amma mutanen Jalingo ba su manta da watan Agusta na 2005 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadar Nukkai, mutane da dama suka halaka. Saboda haka mutumin da ke Kudu, aka ce masa ga gida ko ga fili a Nukkai, abu biyu yake bukata ya gani a hoto guda: jikin bango daga ciki, ko akwai shatar ruwa da danshi, da kuma abin da ke bayan taga, watau nisan ɗakin da kogi. Na farko yana cikin inuwa, na biyu yana tsakiyar rana a kan farin yashi.

Idon ɗan Adam ba ya shan wahala da wannan, domin ƙwayar ido tana buɗewa tana tsukewa yayin da mutum ke waiwaye, ƙwaƙwalwa kuma tana haɗa abin da aka gani. Kyamara kuwa sau ɗaya take ƙiftawa, da ma'auni ɗaya. In ta auna don inuwa sai wuri mai haske ya ƙone, in ta auna don haske sai inuwa ta toshe.

Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne a ɗauki wuri guda sau uku ko sau biyar a jere, kowanne da nasa ma'aunin haske, sa'an nan a haɗa su a kwamfuta a ciro mai kyau daga kowanne. Wannan shi ake kira HDR, watau hoton da ya ɗauke dukan tazarar da ke tsakanin haske mai tsanani da duhu mai tsanani. Dabarar ba ta yau ba ce. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray yake ɗaukar teku dabam, sararin sama dabam, ya haɗa su a takarda guda. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka bayyana lissafin da kwamfuta za ta bi ta yi wannan aiki. Photoshop ta sami wannan dabara a 2005, Lightroom kuma a 2015.

Aikin Yakan Lalace Tun A Fili

Haɗawar kanta ba ta ɗaukar minti biyu. Inda ake cin nasara ko a fāɗi shi ne wajen shiri, kuma shirin yana farawa tun kafin a danna maɓalli.

Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki yana ninka haske sau biyu. Abin da aka saba shi ne a ɗauki hoto ɗaya daidai, ɗaya da ragin mataki 2, ɗaya da ƙarin mataki 2. A ce na tsakiya an ɗauke shi a kashi 1 cikin 125 na sakan, to, mai duhun zai zama kashi 1 cikin 500, mai hasken kuma kashi 1 cikin 30. Ke nan na ƙarshe ya sha haske kusan ninki 16 na mai duhun. Mai duhun shi zai riƙe kogi da yashi da duwatsun da ke kewaye da Jalingo, mai hasken kuma shi zai fito da kusurwar ɗaki. In ɗakin mai ƙaramar taga ne, kuma tsakar rana ce, uku ba za su isa ba, sai an kai biyar.

Saurin ƙiftawa kaɗai ake taɓawa. Faɗin ƙofar gilashi ba a canza shi, domin shi ke hukunta abin da zai fito tangaran da abin da zai yi dishi-dishi, in ya sauya tsakanin hoto da hoto ba za su zauna a kan juna ba. Haka nan saitin nisa, da ma'aunin ISO, da ma'aunin launin fari, duk a kafe su da hannu. In aka bar wa kyamara ta zaɓa, sai bango ya fito ruwan ƙwai a hoto ɗaya, shuɗi-shuɗi a na biyu. Kyamara kuma a ɗora ta a kan abin nan mai ƙafa uku. Wanda ba shi da shi, bulo biyu da buhun yashi sun wadatar, kuma wurin gini ba ya rasa su.

Wata ƙaramar dabara da tsofaffin hannu suke yi: kafin su fara jeri sukan ɗauki hoton tafin hannunsu. Mai kallo sai ya ce wasa ne, amma ranar da mutum ya zauna gaban hoto 300 masu kama da juna, wannan tafin hannu shi zai nuna masa inda jeri ya fara.

Gaban Kwamfuta

Da an dawo, abu na farko shi ne a kwafe katin gaba ɗaya a ajiye wuri biyu, musamman inda wutar lantarki ba ta da alkawari. Sa'an nan a jera hotuna bisa lokacin da aka ɗauke su, a ware kowane jeri dabam. Hoto guda daga wani jeri in ya kutsa cikin wani, aikin ya ɓaci.

Daga nan sai a buɗe kowanne a faɗaɗa shi sosai a duba. Mai hasken nan, da yake shi ya fi daɗewa a buɗe, shi ya fi saurin girgiza, in ya girgiza gara a jefar da shi da a cusa shi. A duba mai duhun a tabbata babu inda ya ƙone fari fat, domin abin da ya ƙone a dukan hotunan babu manhajar da za ta dawo da shi. A lokacin hunturu kuma ƙura takan shiga cikin kyamara ta bar ɗigo-ɗigo a sararin sama, haɗawa kuwa tana ƙara fito da su, don haka a lura da inda suke.

Babban kuskuren sababbin shiga shi ne gyara kafin haɗawa. Mutum ya ga hoto ya yi duhu sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya ƙara masa haske, ya ga wani ya yi fari ya rage. Alhali kuwa wannan bambancin shi ne jarin da ake nema. Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani na ma'aunin da aka ɗauke shi da shi, manhaja kuwa da wannan bayani take lissafi. In an taɓa hasken aka fitar da hoton, bayani ya ce abu kaza, hoto ya ce wani abu dabam. Gyaran da ya halatta a wannan mataki shi ne wanda za a yi wa duka daidai wa daida, kamar daidaita launin fari da miƙe lanƙwasar gilashi. Yanke gefe, da ƙara kaifi, da ƙara launi, duk sai bayan an haɗa.

Irin fayil ɗin ma yana da muhimmanci. JPEG, wanda kowa ya sani, matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi. Ɗanyen fayil da ake kira RAW yana riƙe 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamara. Wanda yake da RAW kada ya mai da shi JPEG kafin haɗawa. In manhajarsa, irin su Photomatix, yana so ya ba ta fayil da aka riga aka fitar, to, ya fitar da TIFF mai bit 16.

Saura abu biyu da manhaja za ta tambaya. Na farko daidaita hotuna a kan juna, wannan a kunna shi ko da an yi amfani da mai ƙafa uku. Na biyu shi ne kawar da fatalwa. Tsakanin hoto na farko da na uku akuya ta gifta, ɗan acaɓa ya wuce, iska ta kaɗa ganyen mangwaro, sai su fito rabi-rabi kamar inuwa. Manhaja tana iya zaɓar hoto ɗaya ta ɗauki wurin daga cikinsa, amma in aka tsananta mata takan bar ƙuraje a inuwa, saboda haka a fara da kaɗan. Wannan dalili ne ya sa dabarar ba ta cika dacewa da taron ɗaurin aure ba, ko da yake farar babbar riga da baƙar fuska a tsakar rana matsala ce iri ɗaya. Jama'a ba sa tsayawa cik. A nan gara a ja ango zuwa inuwa a ɗauki RAW guda.

Wayoyin hannu suna yin duk wannan da kansu cikin ƙiftawar ido, iPhone ta fara tun 2010. Ga ƙanen da aka aika ɗaki, ya isa ya kunna HDR, ya jingina wayar da ƙofa, ya riƙe numfashi.

Sai dai dabarar da ke tona gaskiya ita ce kuma ke iya rufe ta. In mai gyara ya wuce gona da iri, sai farin zobe ya kewaye rufin kwano da kan itatuwa, gajimare ya yi baƙi kamar hadari, bangon da aka yi wa yaɓen ha'inci ya yi sheƙi kamar na otal. Dillalin gida ya fi kowa son irin wannan hoto, kuma gogewar shatar ruwa daga bango ba ta fi minti ɗaya ba ga wanda ya iya. Saboda haka mai kuɗin da ke Sabo ta Shagamu ko Mile 12, in an aiko masa da haɗaɗɗen hoto, ya nemi a haɗo masa da ukun na asali. Ya duba ƙasan bango a cikin mai hasken, ya duba taga a cikin mai duhun. Kuma ya ce a aiko su ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin ta hanyar hoto ana matse su, ana kuma goge bayanin ranar da aka ɗauke su.