Makullin kwamfuta

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji akwai rumbun tsimi. Hatsin da ke ciki na mutanen gari ne duka. Amma makulli yana hannun wanda aka zaɓa. Ba ya buɗe ƙofa sai ya san mai zuwa, ya kuma san abin da ya kawo shi.

Kwamfuta, wadda wasu ke kira ordinatar, ita ma tana da makulli. Masu amfani da ita iri biyu ne. Na farko yana rubutu, yana lissafi, yana kallon hotuna. Na biyu shi ne mai kula da ita. Da Faransanci ana ce masa administrateur. Shi ke riƙe da lambar sirri.

In za a saka sabuwar manhaja, misali wadda ke haɗa kwamfuta da injin buga takarda, sai ta shiga can ciki, inda ake ajiye dokokin da ke tafiyar da na'urar. Wannan wuri a kulle yake. Saboda haka kwamfuta takan tsaya, ta nemi izini.

Tun daga Windows Vista, wadda ta fito ga jama'a a 2007, allo yakan dushe, sai tambaya ta bayyana tare da sunan manhajar da na masu yin ta. Amsa biyu ce: Oui ko Non. In ba kai ne mai kula ba, sai ta nemi lambar sirri. A kan Linux kuwa, ana rubuta kalmar sudo.

Manhajar da aka ba izini tana iya karanta kome, ta sāke kome, ta goge kome. Wata takan zo da kamar wasa, alhali ɓarauniya ce. In ta shiga kwamfutar makaranta, sunayenku da makin jarrabawarku suna iya ɓacewa.

To, yara, kafin ku danna Oui, ku tambayi kanku: ni na kira ta? Daga ina ta fito? Malam ya sani? In kuna shakka, ku danna Non, ku kira malam. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Wa ke riƙe da makullin rumbun tsimi?
2. Don me kwamfuta ke neman izini?
3. Me za ku yi in kuna shakka?