Zaɓen Bututun Ƙarfe a Ƙasar Noman Rani ta Garun Malam

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Amma inda magudanar ta ƙare, ko gona ta fi ruwa tudu, sai an nemi inji da bututu. A nan ne manomi da ma'aikacin hukuma sukan yi kuskure iri ɗaya, wato su tambayi faɗin bututu da kuɗinsa, su bar aji da kaurinsa.

Ƙarfen da ake yin bututu da shi akwai ɗan sinadarin kabon a cikinsa. Yawan kabon yana ƙara masa ƙarfi, amma yana rage laushinsa, ya sa walda ta yi wuya. A ƙa'idar Amurka mai lamba A53, kabon na aji A ba ya wuce kashi 0.25 cikin ɗari, na aji B kuwa 0.30. Wannan ƙa'ida ta wadatar ga ruwan sanyi. Mai lamba A106 ba shi da ɗinkin walda ko kaɗan, an yi shi ne don zafi, kamar tururin masana'antar sarrafa tumatir. Sayensa don ban-ruwan albasa ɓarnar kuɗi ce kawai.

Abin lura shi ne, ruwan gona ba kasafai ƙarfinsa ke fasa bututu ba, tsatsa ce ke cinye shi. Ƙasa mai danshi wadda ta sha takin zamani tana cinsa daga waje, ruwa yana ci daga ciki. Saboda haka kauri da rufin tutiya sun fi aji muhimmanci. Tsohuwar ƙa'idar Ingila, BS 1387, wadda ta Turai ta maye gurbinta a 2004, ta kasa kauri gida uku, ta sa wa matsakaici zobe shuɗi, mai nauyi kuma ja. Sai dai fenti ba shi da tsada, kowa na iya shafa shi. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano sayen bututun da za a binne, gara ya auna kaurin bakinsa, ya ɗora shi a sikeli, ya karanta lambar da aka buga a jikinsa. In kuwa walda za a yi, wuta za ta ƙone tutiyar wurin, dole a sake rufe shi kafin a mayar da ƙasa.