GIDAN SILIMA NA PALACE: GINI YA SAKE AIKI, WA ZAI RIƘE LABARINSA?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san abin da ake kira kufai. Kusa da Sabon Birni Alƙalawa take, babban birnin Gobir wanda ya faɗi a shekarar 1808, yau kuwa sai an nuna wa baƙo wurin kafin ya gane an taɓa yin birni a nan. Wannan ne ya sa mu da muka fito daga Kurawa da kewayenta, in muka shiga Kano muka ga yadda tsofaffin gidajen silima suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, abin yakan taɓa mu. Kufai iri biyu ne: akwai na yaƙi, akwai na mantuwa.

A ƙauyukanmu ba a gina gidan silima ba. Abin da dattawanmu suka sani shi ne majigi. Motar gwamnati takan iso da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da janareta, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani, yawanci a kan tsabta, da rigakafi, da noman gyaɗa da auduga. Turawan mulki sun kafa hukumar shirya irin waɗannan finafinai a 1939, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta ci gaba da aikin, har aka sami fim irin su Baban Larai wanda tsofaffi suke tunawa har yanzu. Majigi kyauta ne, kowa yana zuwa, maza da mata da yara. Silima ta kuɗi kuwa sai a birni, kuma samarinmu masu zuwa cin rani su ne suke komowa gida da labarinta.

YADDA SILIMA TA SHIGA KANO

A ƙarshen shekarun 1930 ne 'yan kasuwa Kwara, wato mutanen Labanan, suka soma gina gidajen silima a Kano. Daga cikin na farko akwai Rex, wadda aka gina a wajen ganuwa. A farkon lamari ma ba a haɗa Turawa da 'yan ƙasa a dare ɗaya, kowa da ranarsa. Ginin irin waɗannan gidaje ba shi da wuya: doguwar katanga, babban bango da aka shafa wa farin fenti, ɗakin injin haska fim a baya, sai kujeru. Mafi yawan wurin zaman a sarari yake ba rufi, saboda haka ba a fara fim sai duhu ya yi, in kuwa hadari ya taso, to, kowa ya san inda dare ya yi masa.

Ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, aka yi babbar masifa. Gobara ta tashi a gidan silima na El-Duniya, mutum 331 suka rasu daga cikin wajen 600 da suke ciki. Zaren fim na wancan zamani ana yinsa da wani sinadari mai saurin kama wuta, in ya kama kuwa ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Mutane suka yi cunkoso a bakin ƙofa, aka tattake juna. Gwamnati ta naɗa alƙali ya bincika, amma mutanen gari da yawa sun riga sun yanke nasu hukunci: sun ce wannan ishara ce ga masu zuwa irin wannan wuri.

Ana cikin wannan juyayi, a farkon shekarun 1950, aka buɗe Palace. Ita ce ta farko da aka gina a cikin birni sosai, a unguwar Jakara kusa da Kasuwar Kurmi, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Malamai da dattawa da yawa ba su so ba, har an yi jifa, sai da 'yan doka suka tsare wurin. Duk da haka samari ba su fasa zuwa ba. Daga baya aka sami wasu gidajen kamar su Plaza, da Orion, da El Dorado, da Queens, da Marhaba.

Finafinan kaboyi na Amurka aka fara kawowa, sannan na Indiya suka shigo a shekarun 1950 suka kama zukatan mutane. Fim ɗin Mother India na 1957 an yi shekaru ana maimaita shi, har waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci suna iya rera waƙoƙinsa. A shekarun 1970 kuma na Canis suka zo, yara suka dinga kwaikwayon Bruce Lee a lungu.

ABIN DA YA KASHE KASUWAR

Ba dare ɗaya abin ya mutu ba. Talabijin ya shiga gidaje, bidiyo ya biyo baya. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sayo fim daga waje da gyaran injuna suka gagari masu gidajen. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, daga nan finafinan Hausa na bidiyo suka yaɗu. Matan aure, waɗanda da ma al'ada ba ta yarda su je silima ba, suka sami abin kallo a cikin ɗakinsu. Yanzu ga shi kowa yana ɗauke da silimarsa a aljihu.

Filayen da gidajen suke kai kuwa suna tsakiyar kasuwa, kuɗinsu ya hau. Mai gida ya duba ya ga haya daga shaguna ta fi kuɗin tikiti, wa zai zarge shi? Palace an mai da ita asibiti. A Legas wasu gidajen silima sun zama majami'u, wasu ɗakunan ajiyar kaya. A Kano sau da yawa suna kawai ya rage. 

ME YA SA ZA MU DAMU?

Mun sani wani mai karatu zai ce, ai gara da ta zama asibiti. Ba mu musa ba. Iyayenmu da yawa, Kirista da Musulmi, sun hana 'ya'yansu zuwa silima, kuma suna da hujja: akwai shaye-shaye da 'yan daba a bakin wasu gidajen. Ba muna roƙo a komo da wannan ba ne. Abin da muke cewa shi ne, wurin da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe suka zauna a benci ɗaya suna dariyar abu ɗaya, ya cancanci a tuna da shi, musamman a wannan lokaci da unguwanni suke ta rabuwa bisa ga addini da ƙabila. Mutum 331 na El-Duniya su ma suna da hakki a kanmu, don labarinsu gargaɗi ne ga duk mai gina wurin taro da ƙofa ƙarama, ko majami'a ce, ko makaranta, ko ɗakin biki.

Kada kuma a ce lokaci ya wuce. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano zarensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da wani ya share ɗakin ya zuba a bola, da shi ke nan.

Aikin da ya rage ba ya bukatar miliyoyi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ikon sa tsohon gini cikin jerin waɗanda doka ta kare. Ya kamata ta duba Palace da sauran da suke tsaye. Ko allo aka kafa a jikin bango mai faɗin abin da wurin yake a da, an yi wani abu. Wanda yake da tsohon tikiti, ko fasta, ko hoto, ya kai Gidan Makama a Kano, ko Arewa House a Kaduna, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Mu kuma a gida, namu aikin ya fi gaggawa. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da yawa a Sabon Birni da Isa, taron dare a fili ya zama sai labari, tsofaffin da suka ga majigi kuma suna ta ƙarewa, wasu a gudun hijira. Muna roƙon ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata, kowa ya zauna da kakansa, ya kunna wayarsa, ya tambaya: wane fim kuka gani, a wane fili, wa ya yi bayani? A rubuta sunan garin da shekarar, a ajiye. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.