Akwatin lefe a gaban sikelin jirgi

A ranar 25 ga Nuwamban 2023 kamfanin jiragen sama na Ethiopian Airlines ya daina karɓar jakar Gana-mas-go daga fasinjojin da ke tashi daga Nijeriya. Dalilin da ya bayar shi ne jakar ba ta da tsayayyar siffa, tana maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya har ta lalata na'ura. Wanda ya dage sai ya tafi da ita, to ya sa ta cikin kwali ko wani mazubi mai tauri. Ba shi ya fara ba, KLM da Air France sun riga shi tun 2017, kuma a shekarar ce filin jirgin Dubai ya daina karɓar ƙunshin da ba shi da shimfiɗaɗɗen gefe. Sai dai a Kano matakin Ethiopian ya fi taɓa jama'a, domin jirginsa na sauka a filin Malam Aminu Kano, kuma ta Addis Ababa 'yan kasuwa da masu neman magani da masu Umara da dama ke bi su wuce Guwanzu, Mumbai, Dubai ko Jidda.

Jakar da aka kora ɗin ta daɗe tana yi wa talaka hidima. Tun 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta sallami baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana suka kwashe komatsansu a cikinta, ta zama abokiyar tafiyar kowa. Ita da jakar bakko ba su da nauyin kansu, ba su da tsada, ana naɗe su a sa a aljihun jaka idan za a tafi, a buɗe su idan za a dawo. Ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne: kusan duk kilon da kamfanin jirgi ya ba shi yana tafiya ne a kan kaya, ba a kan mazubi ba. Da aka fara rufe mata ƙofa, sai gidaje suka koma ga abin da ke saman wadirof, wato akwatin lefe.

A nan matsalar take. Akwati a gidan Bahaushe yawanci ba don tafiya aka saye shi ba. Ya shigo ne ta hanyar aure. Kayan da a da ake kaiwa a lefen kaba, daga baya a kwalla da fantimoti da adaka, yau a saitin akwati ake jera su, ƙarami a kan babba, kuma dangin amarya na lura da yawansu da girmansu kafin a buɗe ko ɗaya. Mai sayar da akwati a Sabon Gari ko Kantin Kwari ya san haka, don haka abin da yake oda shi ne saitin da zai cika ido: mai inci 20, mai 24, mai 28, da uwar saitin mai inci 32, ga kit na kayan kwalliya a sama. Ba wanda ke tambayar nauyin akwatin in babu komai ciki, ko ƙarfin tayarsa, ko zif ɗinsa zai jure jifa. An saye shi ne ya zauna a ɗaki cike da atamfa da leshi.

Kamfanin jirgi kuwa da awo yake magana. A yawancin tafiye-tafiyen ƙasashen waje daga Nijeriya, mai tikitin gama-gari yana da akwati biyu, kowanne kada ya wuce kilo 23, kuma in aka haɗa tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kada su haura santimita 158. Akwati mai inci 28 yana dab da wannan iyaka, mai inci 32 kuwa yakan tsallake ta. Akwai kuma iyaka ta biyu da kuɗi ma ba sa ɗagawa a mafi yawan filaye: kaya guda ba ya wuce kilo 32, saboda bayan ma'aikatan da ke ɗaga shi. Jakar hannu yawanci ba ta wuce kilo 7 ko 8. Jiragen cikin gida sun fi haka matsewa, abin da suke bayarwa yakan tsaya tsakanin kilo 15 zuwa 23 gwargwadon kamfani da irin tikiti.

Idan aka ɗora waɗannan lambobi a kan babban akwatin lefe, lissafin ba ya fita. Shi kansa yakan kai kilo biyar ko fiye tun ba a sa masa komai ba. Cikinsa kuma yana cin abin da ya ninka kason da aka yarda, musamman da irin kayanmu. Shadda da atamfa suna da nauyi fiye da yadda ido ke nunawa. Ga garin kunu, ga yaji, ga daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kilishi, waɗanda uwa ba za ta yarda a je Alƙahira jinya ko a kai yaro makaranta ba tare da su ba. Mutum kuma in ya ga fili a akwati sai ya cika shi. Shi ya sa a gaban kantar awo ake ganin abin da kowa ya saba gani: maigida na lissafin kuɗin ƙarin nauyi, uwargida ta durƙusa tana buɗe akwati a bainar jama'a tana rarraba kaya cikin ledoji, yara na kuka, layi ya tsaya. Abin da ya fi ci mini rai a wannan yanayi shi ne tonon asirin. Kayan mace da ta ɓoye tun daga gida su ne ake bajewa a ƙasa saboda kilo uku.

Da can ana iya shanye wannan da kuɗi. Abin ya canja tun Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni, kuma kuɗin ƙarin kaya a jiragen waje da dala ake ƙiyasta shi. Akwati ɗaya da ya wuce ƙa'ida yana iya cin abin da ya fi kuɗin tsarabar da ke cikinsa. A gefe guda kuma masu hawa jirgi da iyali sun ƙaru ba don sun yi arziki ba. Rashin tsaro a hanyar Kaduna zuwa Abuja, da harin da aka kai wa jirgin ƙasa a Maris na 2022, sun tura gidaje da yawa zuwa Max Air da Air Peace da sauransu, mutanen da suka saba da but ɗin mota inda ba a auna komai.

Hankali zai ce iyali su raba kaya a matsakaitan akwatuna, kuma haka ne. Yaron da aka saya wa kujera yana da kasonsa cikakke kamar babba, jariri na goye ne kawai ake ba ɗan kaɗan. Miji da mata da yara biyu a tafiyar waje suna da damar akwati takwas ke nan, ba su da dalilin cusa komai a manya guda biyu. Akwati mai inci 24, in aka cika shi da tufafi, yakan tsaya kusa da kilo 23 da kansa, kuma mace ko matashi na iya jan sa. Amma yawan akwati ma yana da nasa haɗarin, kuma Kano ta ɗanɗana. A Disamban 2018 an kama wata ɗaliba a Saudiyya bayan ta je Umara da mahaifiyarta da 'yar uwarta, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya nuna aikin wasu ma'aikata ne. Tun daga nan mai hankali yake ƙirga takardun shaidar kayansa kafin ya bar kanta, ya kuma ƙi amsa roƙon “don Allah Alhaji, tunda kana da sauran kilo, ka riƙe mini wannan”. Kason da iyali ba su cika ba, shi mugu ke nema.

Aikin Hajji ya riga kowa gane cewa gara a tsayar da girma ɗaya. Shekara da shekaru alhajin Nijeriya da babbar jaka mai kilo 32 da ƙarama mai kilo 8 aka san shi, iri ɗaya ga kowa, hukumar alhazai ke rabawa, ruwan Zamzam kuma daban ake kawo shi. Wannan tsari ya rage rigima a wurin awo, ya kuma nuna wani abu da ya kamata masu masana'antu su lura da shi: a kowace shekara akwai dubun dubatar mutane, akasarinsu daga Arewa, da ke bukatar jaka mai girma sananne, a lokaci sananne, kuma hukuma ce mai saye. Ciniki irin wannan shi kowane mai masana'anta ke mafarki.

To ina Sharaɗa da Challawa da Bompai, unguwannin masana'antun Kano, a cikin wannan ciniki? Da yawa daga cikin abin da ake haɗa akwati da shi akwai mai taɓa shi a waɗannan unguwanni. Kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai suna narka ƙwayar roba su zuba a ma'auni su fitar da bokiti, kujera, kula da silifa, wasu kuma suna saƙa buhu da tabarma da zaren roba, wanda shi ne asalin jakar bakko. Majemun Challawa da Sharaɗa suna jeme fatar awaki da tumaki da ake fitarwa zuwa Italiya da Sifen, inda ake mai da ita jaka da takalmi masu tsada. Dukawa da teloli kuwa Kano ba ta taɓa rasa su ba, Ƙofar Wambai shaida ce. Duk da haka akwatunan da suka cika shagunan birnin mafi yawansu daga Chana suke, daga garuruwa irin su Baigou da Pinghu da suka mai da akwati sana'ar gari guda. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 tana maƙwabtaka da Challawa, kuma muddin ba a ƙera kayan a gida ba, sauƙin da za ta kawo na mai shigowa da kaya ne.

Ba lalaci ya jawo haka ba, kuma bai kamata a ɗora wa masu kamfani laifin da ba nasu ba. Akwati ba bokiti ba ne. Bokiti ma'auni ɗaya ne, a zuba a cire. Akwati kuwa yana bukatar gangar jiki, taya, sandar ja ta alminiyam, zif, makulli da shafi na ciki, kuma a Chana kowane ɗaya akwai maƙwabcin da ba ya yin komai sai shi. Wanda zai fara a Kano sai ya shigo da rabin waɗannan da dala, ya biya kwastan, ya jawo su daga Legas. Sannan ga wuta. Masana'antun Kano sun fara durƙushewa tun bayan tsarin SAP na 1986, masaƙu suka bi ɗaya bayan ɗaya da atamfar Chana ta mamaye Kwari, waɗanda suka rage kuma da janareta da dizal suke numfashi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kuma injin narka roba ba ya aiki da rabin wuta. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 don ya kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kano, shi ne abin da masu masana'antu suka daɗe suna zuba wa ido.

Akwai kuma dalilin da ke cikin zukatanmu. Akwatin lefe abin nunawa ne, kuma a idon masu karɓar lefe “ɗan waje” ya fi daraja ko da zif ɗinsa zai tsage a tafiyar farko. Mai kamfani da ya san haka zai yi jinkirin zuba jari a abin da za a raina saboda an rubuta Sharaɗa a jikinsa.

Amma ni a ganina ƙofar da dokokin jirage suka buɗe ba ta lefe ba ce, kuma nan ne ya kamata a fara. Abin da matafiyi mai iyali ke bukata yanzu shi ne wani abu tsakanin Gana-mas-go da akwatin kanti: jaka mai kusurwa huɗu, mai tsayayyen gindi da gefe yadda bel zai ja ta lafiya, wadda nauyinta bai wuce kilo biyu ba, girmanta kuma an yanka shi daidai da santimita 158 ko ƙasa, yadda ko an cika ta ba za ta yi nisa da kilo 23 ba. Wannan ba ya bukatar taya huɗu ko makullin lamba. Yadi mai ƙarfi ne, da faifan roba, da zif nagari, da ɗinki, kuma uku daga cikin huɗun nan ana iya yin su tsakanin Sharaɗa da Bompai. Ƙwayar robar ma ba dole daga waje ba, tunda Indorama na yin ta a Eleme, matatar Ɗangote ma ta shiga yin ta.

Faɗuwar naira da ta tsananta wa matafiyi ita ce kuma ta sa akwatin Chana ya yi tsada, har saitin lefe ya zama abin da samari ke kuka da shi. Rabon da kayan gida su sami irin wannan rata a farashi an daɗe. Abin da ya rage shi ne mai saye na farko da zai ba mai masana'anta ƙarfin gwiwar sayen ma'auni da ɗaukar teloli, kuma hukumomin alhazai na Kano, Jigawa, Katsina da maƙwabtansu suna da wannan iko a hannunsu duk shekara, in suka sa sharaɗin cewa jakar alhaji a gida za a ɗinka ta, suka kuma ba da oda da wuri yadda kamfani zai iya shiryawa kafin watan Shawwal.